Yadda ake haɗa sirof ɗin zobo da na citta don lemon gas na gida

Duk mai yin zobo ta san gorar da ta kwana biyu a waje lokacin bazara. Gindinta ya kumbura har ba ta iya tsayawa a kan tire, in aka murɗa marfin sai ta yi tsaki, kumfa ta biyo wuya, zaƙin ya ragu, ga wani wari kamar na ƙullin fanke da ya tashi. Wannan aikin yis ne. Yis ɗin yana nan a iska da bawon 'ya'yan itace da hannu da tsohuwar gora, kuma abincinsa sikari. Idan ya ci giram 10 na sikari, yakan fitar da kusan giram 5 na barasa da kusan giram 5 na gas, gas ɗin nan kuwa ya kai lita biyu da rabi in an sake shi. Shi ya sa gora ke fashewa. Zobon da aka zuba wa sikari giram 100 a lita, in aka ƙyale yis ya gama da shi, ƙarfinsa na iya kaiwa kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, daidai da giyar kwalba. Ga gidan Musulmi wannan ya wuce maganar asarar kuɗi.

Hanyar da kamfanonin lemo ke bi ita ce raba aikin biyu. Suna dafa ruwan sikari mai kauri da ɗanɗano a ciki, wato sirof, sai a tsarma shi da ruwa mai gas lokacin ɗurawa. Uwargida ma za ki iya yin haka a kicin ɗinki, kuma ya fi sauƙin ajiya nesa ba kusa ba: kwalabe uku na sirof sun fi jarka guda ta zobo sauƙin samun wuri, ba sa kuma jiran a kawo wuta.

Abin da ke tsare sirof shi ne yawan sikarinsa. Idan sikari ya kai kashi biyu cikin uku na nauyin haɗin, sai ya riƙe ruwan gam, har ya zuƙe wanda ke jikin ƙwayar yis, ta kasa hayayyafa. Ma'aunin shi ne kilo 2 na sikari a kan lita 1 ta ruwa. Ki auna da sikeli, domin mudu da gwangwani suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Mutane da yawa suna rage sikarin zuwa kilo 1 don tsimi, kuma a nan ake tafka kuskure. Haɗin ɗaya da ɗaya bai fi wata guda a firij ba, a waje kuwa cikin kwanaki zai soma tashi. In kina son rage shan zaƙi, ki rage yawan sirof ɗin da za ki zuba a kofi, ki bar na kwalba da ƙarfinsa.

Na zobo

Ki nemi busasshen zobo giram 350, mai duhun ja, irin wanda ake kawowa daga Jigawa da Katsina. Ki ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi da hanzari don fitar da yashi. Kada ki bar shi ya jiƙa, launin ne ke tafiya da ruwan wankin. Ki tafasa ruwa lita 2 da kanumfari ƙwaya 15 da busasshiyar citta giram 30 da aka ɗan daddaka, na minti goma. Sai ki zuba zobon, ki bar shi ya tafasa minti biyar kacal, ki sauke, ki rufe, ya yi awa ɗaya yana sakin jikinsa. Doguwar dahuwa tana mayar da jan zobo ruwan ƙasa, tana kuma fito da bauri.

Tukunya tana da muhimmanci a nan. Zobo yana da tsami sosai, kuma tsami yana cin tukunyar dalma, wato ta alminiyam, har ki ga cikinta ya yi fari tas bayan dahuwa. Abin da ya fita daga jikinta yana cikin abin shanki ke nan. Ki yi amfani da tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai rufin tangaran da bai ɓare ba.

Ki tace da rariya, sannan ki sake tacewa da farin ƙyalle mai tsafta ninki biyu, ki matse. Zobon zai sha ruwa da yawa, don haka abin da za ki samu zai zo kusa da lita ɗaya. In ya gaza, ki zuba ɗan tafasasshen ruwa a kan tukar ki sake matsewa har ya cika. In ya zarce, ki mayar wuta babu marfi ya ƙone zuwa lita ɗaya. Wannan tacewa ta biyu kada ki raina ta, domin kowane ɗan ɓurɓushi da ya rage zai zama wurin da gas ke taruwa, ranar da kika zuba ruwan soda, wato ruwa mai gas, sai kumfa ta yi ambaliya a bar ki da lami.

Yanzu ki mayar da ruwan a tukunya, ki zuba sikari kilo 2, ki rage wuta, kina juyawa har ya narke. Ki ɗebo da cokali ki duba a haske, kada ki ga ƙwaya ko ɗaya. Daga nan ki bar shi ya yi ƙananan tafasa na minti biyar, ki kwashe kumfar da ta taso. Minti biyar ɗin nan suna da aiki biyu: suna kashe yis, kuma tsamin zobon yana farfasa wani ɓangare na sikarin ta yadda ba zai koma ƙanƙara a gindin kwalba ba. Za ki samu sirof kusan lita biyu da kwata.

Sai maganar kanwa. An saba jefa 'yar kanwa a zobo don kashe tsami, kuma ga wanda za a shanye yau ba laifi. A sirof kam kada ki sa. Tsamin nan shi ne katanga ta biyu bayan sikari, shi ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, kuma shi ke riƙe jan launin. Da zarar kanwa ta shiga za ki ga ja ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, alamar katangar ta faɗi. Haka nan ɗanyen bawon abarba da kokwamba da ake jefawa bayan an sauke. Bawon abarba cike yake da yis. A Meziko da shi ake tayar da wani abin sha mai suna tepache, ba tare da an ƙara yis na kanti ba. In kina son ƙamshin abarba, ki wanke bawon ki dafa shi tun farko tare da kanumfari. Kokwamba da na'a-na'a kuwa a kofi ake sa su, lokacin sha.

Na citta

Ɗanyar citta giram 500 zuwa 600, irin ta Kachia mai yaji. Ki kankare bayanta da cokali, ki yayyanka, ki markaɗa da ruwa lita ɗaya da kofi ɗaya. Ki dafa minti goma sha biyar a kan matsakaiciyar wuta, ki tace da ƙyalle, sannan ki ajiye ruwan a kwano ya huta rabin awa. Za ki ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko. Sitacin citta ne. Ki tsiyaye na sama a hankali ki bar shi, in ba haka ba sirof ɗin zai yi duhu-duhu ya riƙa kwantar da laka.

Citta ba ta da tsamin kanta, don haka dole a ba ta. Hodar sitirik da masu sayar da kayan kek da filebo ke sayarwa ta fi dacewa: giram 20, wato kimanin ƙananan cokula huɗu, a wannan adadi. In lemon tsami za ki matsa, kina buƙatar kusan mililita 400 na ruwansa kafin ki kai wannan ƙarfi, kuma ki lissafa shi cikin lita ɗayar, wato ruwan citta 600 da na lemo 400. Wadda ta zuba ruwan lemon a kan cikakkiyar lita ta tsinka sirof ɗinta ba ta sani ba. Sauran aikin kamar na zobo ne, sikari kilo 2 da ƙananan tafasa na minti biyar.

Tsamiya ma tana yi, rabin kilo a jiƙa a ruwan ɗumi lita ɗaya da rabi, amma tana da kauri da yauƙi, sai an tace ta sau uku kafin ta yarda da gas.

Gwaji da ɗuri

Ido yana yaudara wajen gane kauri, domin sirof mai zafi tsinkakke yake fitowa. Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ki ɗora ƙaramin kofi a sikeli ki mayar da shi sifili, ki cika shi da ruwa har baki, ki rubuta nauyin. Ki zubar, ki goge, ki cika shi da ɗan sirof da kika bari ya huce. Ya kamata nauyin ya ninka na ruwan sau 1.32. In ruwan giram 100 ne, sirof ya zama 131 zuwa 133. In kika ga 123, sikarinki rabi ne kawai na haɗin, ki ƙara sikari ki sake tafasawa. In 128 ne, ya kusa amma da saura.

Kwalabar gilashi ita ce ta ajiya, mai marfin da ke murɗuwa ya kama. Ki wanke da sabulu, ki sa kwalabe da marafansu a tukunyar ruwan sanyi, ki kunna wuta, su tafasa minti goma. Ki kife su a kan tire mai tsafta su tsane, kada ki goge cikinsu da tsumma. Ki ɗura sirof da mazurari tun yana da zafi sosai, sama da digiri 85, a kwalbar da ita ma take da ɗumi, domin sirof mai zafi a kwalba mai sanyi yana tsaga ta. Ki bar tazarar yatsa ɗaya a wuya, ki rufe, ki kwantar da kwalbar minti uku don zafin ya taɓa cikin marfi, sannan ki miƙar da ita. Gorar roba ba ta jure wannan zafi, tana lanƙwashewa. In ita kaɗai gare ki, sai sirof ya huce, kuma wurinsa firij.

Wanda aka ɗura da zafi ya kuma rufu da kyau yakan yi wata biyu zuwa uku a wuri mai sanyi da duhu, kamar ƙasan kabad nesa da murhu. Rana da zafi suna dusashe jan zobo. Ƙananan kwalabe sun fi babba ɗaya, domin wadda aka buɗe sai firij, a kuma shanye ta cikin wata guda.

Akwai wata ɓarna da ke faruwa ko da ma'auni ya yi daidai. Tururi yakan taru a cikin marfi ya ɗiga a saman sirof, sai wannan ɗan saman ya tsinke, yis ko fumfuna su samu wurin zama. Jiƙaƙƙen cokali ma haka yake yi. Don haka ki riƙa tsiyayowa daga kwalba, ki goge bakinta, kina girgiza ta kaɗan bayan kowane amfani. In kika ga fumfuna a sama, ko ƙananan kumfa suna tasowa da kansu, ko marfi ya yi tsaki, ki zubar da kwalbar duka. Sake tafasawa ba ya gyara abin da fumfuna ta riga ta zuba a ciki.

Masu sana'a kan tambayi sinadarin hana lalacewa, wato sodiyam benzowet. A cikin abu mai tsami kaɗai yake aiki, kuma ba a haɗa shi da hodar bitamin C, domin su biyun in sun gamu da zafi da haske suna iya haifar da benzin, sinadari mai jawo kansa. Sirof ɗin gida da ya cika ma'auni bai buƙatarsa. Wadda za ta kai kasuwa da lakabi, ta bi ƙa'idar NAFDAC a kan adadinsa, kada ta auna da ido.

Tsarmawa

Kowane mililita na wannan sirof yana ɗauke da kusan giram 0.9 na sikari. Kashi ɗaya na sirof a kan kashi bakwai na ruwa yana ba da zaƙi daidai da na lemon kwalba, kusan giram 11 a kowane mililita 100. A aikace, manyan cokula uku a kofi mai cin mililita 350. Lita biyu da kwata ɗin nan za ta ba ki abin sha kusan lita 18. Mutane da yawa sukan ga ɗaya bisa tara ya ishe su, musamman na citta.

Gas ya fi zama a ruwa mai sanyi, saboda haka ruwan soda ya kwana a firij, kofin ma in da hali ya yi sanyi. Sirof ake fara zubawa, sai a karkata kofin a tsiyaya ruwan soda a hankali ta gefe, a juya sau ɗaya daga ƙasa da dogon cokali. Ƙanƙara daga ƙarshe. In sirof ɗin ya yi kauri saboda sanyi, ki sassauta shi da cokali biyu na ruwa tukuna.

Za ki ji ana ba da shawarar a jefa ɗan yis na burodi a gora a rufe kwana biyu don gas ya samu. Gas zai samu, amma ta hanyar da aka bayyana a farko, tare da barasarsa, kuma a zafinmu na digiri 35 zuwa 40 ba mai iya tsayar da shi inda yake so. Haɗin bakin soda, wato hodar nan da ake tayar da kek da ita, da sitirik yana ba da kumfa nan take, sai dai kafin ya kai ƙarfin lemon kanti gishiri-gishirinsa ya ɓata ɗanɗano, ya kuma dusashe jan zobo kamar yadda kanwa ke yi. Busasshiyar ƙanƙara kuwa, wato daskararren gas, kada a kuskura a rufe ta a gora, tana tarwatsa ta.

Wanda aka riga aka tsarma ya koma zobo na yau da kullum, kariyar sikarin ta tafi. In na biki ne ko na buɗa-baki, a haɗa shi dab da lokacin sha, ragowar a sa a firij a shanye cikin kwana biyu. In an ɗauke wuta ya kwana da ɗumi, ki matsa gorar da yatsa kafin ki ba yara: in ta yi tauri kamar ƙwallo alhali da ruwa zalla kika tsarma, yis ya riga ya fara aiki.