Darasi na 9: Ɓeran masar ba ya zama shi kaɗai

Autana ya tara kuɗin barka da salla, ya dawo gida da ɓeran masar guda cikin kwali. Mace ce, fara mai jan tabo a kunne. Ya ce, "Baba, na ɗaya kuɗina suka kai." Muka yi mata wuri a gindin bedi, muka zuba mata ciyawa. Kwana uku tana maƙure a lungun kwali, abincin ma sai ta ɗan taɓa ta bari. Na ɗauka ciwo ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana kiwonsu, ta leƙo ta ce, "Malam, ba ciwo ba ne, kewa ce. A samo mata ƴar'uwa." Ta ba mu mace ɗaya cikin nata. Kafin mako ya zagayo, da sun ji motsin leda sai su taso tare suna kwi-kwi-kwi, har da tsalle.

Sunan dabbar nan yana ruɗin mutane. Ba daga Masar ta fito ba, kuma ba ɓeran da ke ɓarna a rumbu ba ne. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka shekara dubbai ana kiwonta. Tun can a garke take rayuwa. Ɗaya na ci, ɗaya na saurare, in an ji motsi a ruga tare. Wanda aka ware shi kaɗai kullum cikin fargaba yake, komai son da yaro ke nuna masa, don yaro zai tafi lakwal, zai yi barci, kuma ba ya jin yarensa. A ƙasar Suwizalan, tun shekarar 2008 doka ta hana ajiye ɓeran masar guda ɗaya tilo. Farin ɓeran da Turawa ke ajiyewa a keji shi ma haka yake, sai da abokin zama, sai dai shekara 2 zuwa 3 kawai yake yi. Amma kada yaro ya ji haka ya kamo ɓeran gida ya ce zai kiwata. Wani irin ɓeran gida ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa da muke jin labarinsa a Najeriya.

To, biyu za a saya. Waɗanne biyu? Mata biyu sun fi sauƙi. Maza biyu da suka tashi tare suna zama lafiya, muddin ba mace kusa. Mace da namiji kuwa, a shirya. Cikinta wata biyu ne da ƴan kwanaki, takan haifi 2 zuwa 4, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Ƴaƴan da gashinsu suke fitowa, ido buɗe. Da sun kai mako 3 a ware mazan, in ba haka ba gida zai cika kafin a ankara, bakunan ci su ƙaru.

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta cikin hidimar. Ɓeran masar yana kai shekara 5 zuwa 7. Yaron da ya saye shi yana ajin farko zai iya gama firamare dabbar na nan, kuma duk safiyar Allah sai ta ci. Haƙoranta ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke rage su, don haka kada ciyawa ta yanke a gabanta dare da rana. Da damina wannan kyauta ne. Da rani sai an sa hannu a aljihu an sayi busasshiyar ciyawa da ɗan harawa, lokacin da masu kiwon tumaki ke rububinsu. Dusa kaɗan ta isa.

Akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Jikin ɓeran masar, kamar na mutum, ba ya ƙera bitamin C da kansa. In bai samu ɗanyen ganye kullum ba, gaɓoɓinsa su kumbura, dasashi ya yi jini, tafiya ta gagara. Mu a Maradi Allah ya hutar da mu, ga zogalen Jiratawa da na lambunan gulbi, ga kabeji, ga tattasai da gwaba. Ganyen da mai kayan miya ya ɓare zai zubar ma ya wadatar, in an wanke shi sosai saboda maganin feshi. Albasa da tafarnuwa da ganyen dankalin turawa kuwa, a nisanta su.

Ɗakinsu ya kai kamu 3 a tsawo, kamu 1 da rabi a faɗi. Ba sa hawa bango, bulo biyu a kan juna sun tsare su, amma a rufe sama da raga saboda mage da shirwa. Kada ƙasan ya zama waya, tana ji musu ciwo a tafin ƙafa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa sauya ta, a kifa musu tsohuwar tukunya mai fasasshen baki su riƙa ɓuya.

Babban abokin gabarsu a garin nan zafi ne. Dabbar tsauni ce, da zafi ya haura digiri 30 ta fara wahala, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Kada a bar su ƙarƙashin rufin kwano. A kai su inuwa mai iska kusa da randa, a jiƙa buhu a rufa a kan ragar, ruwan sha kada ya ƙare. In ka ga ɗaya ya miƙe yana haki, miyau na zuba, shafa masa ruwa mai ɗan sanyi nan take.

In ɗaya ya wuni bai ci ba, a kai shi wurin likitan dabbobi, kada a jira gobe. Ina roƙonku, kada a fasa kafso na mutane a ba shi. Amoksisilin da ampisilin da danginsu suna kashe ɓeran masar. Kuɗin likita ma a sa shi cikin lissafi tun farko.

Yanzu a ɗauko alli. A ce ganyen dabba biyu dala 10 ne a rana, wato 50 F na kuɗin sefa. A ce ciyawa da dusa na mako dala 60 ne, wato 300 F. Nawa aka kashe a mako 1? Nawa a mako 4? Rubuta amsar da dala, ka sake rubuta ta da jika. Gobe kowa ya tambayo farashin ɗaurin harawa a unguwarsu, mu sake lissafin da kuɗin gaskiya.