Yadda nake raba irin dawata da burtuntuna

Shekarar da burtuntuna ta ci min gona, ni na jawo. Na ɗebi iri ne daga dawar da muka sussuke gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Shuka ta tashi kore shar, sai da ta fitar da kai na ga zangarniya cike da baƙin gari kamar dakakken gawayi. Haka cutar take: ƙurarta na manne wa ƙwaya tun a masussuka, ta shiga tsiro yana ƙarami, ta yi lamo har kaka.

Don haka zaɓen iri a gona ake yinsa, kafin girbi. Ka zaga da wuƙa da buhu, ka yanki manyan zangarniyu masu cikar ido daga karan da ya tsaya lafiya, nesa da inda ka ga baƙi. Wanda ya kamu kuwa, ka rufa masa leda kafin ka yanke, don kada garin ya tashi, ka kai can gefe ka ƙone. Kada ka zuba wa dabbobi a gonar.

Irin nan shanya shi daban, sussuke shi daban, a kan tabarma mai tsabta. Idan ka ciza ƙwaya ta ce ƙas, ta bushe.

Sati biyu kafin ruwan shuka, ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 ka buɗe. Ni dai idan ba su kai 80 da suka tsiro ba, nakan nemi wani, ko na maƙwabci mai hannu ko SAMSORG, irin dawar da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ke fitarwa.

Ranar shuka nake zuba maganin iri. Apron Star nake saye, ƙulli mai giram 10 ga kilo 4 na dawa, amma ka sa a karanta maka rubutun jikinsa. Yayyafa ruwa kaɗan, zuba garin, girgiza a cikin rufaffen bokiti har kowace ƙwaya ta rine. Sa leda a hannu, ka toshe hanci. Ragowar da ta taɓa magani ba ta tuwo, ba ta kaji. Tona rami ka binne, bokitin kuma kada ya koma madafi.