Yadda ake tsara jeren dutse don kare gaɓar kogi da gefen titi daga zaizaya

Yawancin jeren dutsen da ke rushewa a gaɓar kogin Challawa ko na Watari a Kano, daga ƙasa yake fara mutuwa. Ruwan Agusta ya kwashe yashin gindinsa, duwatsun ƙasa su nutse, na sama su biyo su. Sai a ce dutsen ne ya yi ƙanana, alhali tushe ne ba a yi ba.

Fara da gudun ruwa. Na lokacin ambaliya ake nema, ba na rani ba. Auna tsawon mita 20, ka jefa kara ka ƙirga daƙiƙun da zai yi. Idan ya yi daƙiƙa 8, gudun saman ruwan mita 2.5 ne a daƙiƙa. A gefen waje na kwanar kogi da bakin kwalbati ruwa ya fi haka ƙarfi, don haka a nan za ka auna. Aikin babban titi kuwa sai injiniya ya yi lissafin ambaliyar.

Girman dutse kuma ga lissafinsa a ruwa mai hargitsi: ninka gudun da kansa, ka raba da 24, sai ka samu kaurin matsakaicin dutse a mita. Gudun mita 2 na son dutsen santimita 17, kimanin kilo 7. Gudun mita 3 na son santimita 38, wajen kilo 75. Ka lura, idan gudu ya ninka, nauyin dutsen da ake buƙata yakan ninka sau 64. Matsakaici yana nufin rabin nauyin kayan ya fi wannan girman, rabi bai kai ba. A haɗa manya da ƙanana domin ƙananan su cike ramukan da ke tsakani.

Baƙin dutse mai tauri daga wurin fasa dutse, mai kusurwoyi, shi ake so. Marmara ta fi araha a Kano, amma tana farfashewa idan ta sha ruwa ta bushe sau da yawa, kada ka saye ta. Mulmulallen dutse gangarawa yake yi. Falalen da tsawonsa ya wuce kaurinsa sau uku, a mayar wa mai tifa.

A sassabe gaɓar ta kwanta: kowace mita 1 ta tsayi, mita 2 a kwance. Iyakar tsayuwar da za a lamunta ita ce 1 da 1.5.

Yanzu tushe. A haƙa rami a gindin gaɓar, tsawon aikin duka, har ya wuce zurfin da ruwa zai iya ƙwaƙulewa. Kada ka auna daga saman yashin da kake gani da rani, domin yashin da ya kwanta ne bayan ruwa ya ja. Lokacin ambaliya ƙasan kogin ya fi haka zurfi. Nemo wuri mafi zurfi a wannan yankin, ka soka rodi har ka ji ƙasa mai tauri, daga nan ka fara lissafi. A ƙaramin rafi, ni ba na son tushen da bai kai mita 1 ba. Inda ake haƙar yashi kusa, kamar sassan Challawa, ƙasan kogin sauka yake yi shekara bayan shekara, sai a ƙara. Idan ruwa ya hana haƙa, a jibge ƙarin dutse mai yawa a gindin, ta yadda in ruwa ya ƙwaƙule ƙasan, dutsen zai zube ya rufe ramin da kansa. Manyan duwatsun da aka kawo a nan ake zuba su. Ɗan kwangila yakan so rage wannan wuri tunda ba wanda zai gani bayan an rufe, saboda haka a auna zurfin kafin a zuba ko da dutse ɗaya.

Tsakanin ƙasa da dutse dole a sa matata, in ba haka ba ruwa zai zuƙe yashi ta ramukan, jeren ya lotsa. Ko dai tsakuwa mai kaurin santimita 15, ko ƙyallen jiyotekstayil, wato ƙyallen roba da ke barin ruwa ya wuce amma ya tare yashi. Ƙyallen ya shiga har cikin ramin tushe, kowane falle ya hau ɗan'uwansa da aƙalla santimita 30, na sashen da ruwa ke fitowa a sama. Kada tifa ta juye dutse kai tsaye a kansa, yagewa zai yi.

Ana jerawa daga tushe zuwa sama. Kaurin shimfiɗar ya kai matsakaicin dutse sau 1.5, kuma kada ya gaza babban dutsen da ke ciki. Idan a cikin ruwa ake zubawa, a ƙara rabi. Saman jeren ya wuce alamar ambaliya da santimita 60. Farkon jeren da ƙarshensa a tura su cikin gaɓa, kada ruwa ya zagaya ta baya. A bakin kwalbati, tsawon shimfiɗar ya kai aƙalla faɗin bututun sau 4.

Wajen sayayya, mita kubik ɗaya na shimfiɗa yana cin kimanin tan 1.7. Gaɓa mai tsawon mita 50, gangare mita 6, kauri santimita 60, za ta ci wajen tan 300, ban da na tushe. Idan an nace sai an shafa siminti tsakanin duwatsun, a bar ƙofofin fitar ruwa da bututu, a kuma koma a duba gindin jeren da zarar ruwan farko mai ƙarfi ya wuce.