Yadda Na Gyara Solar Gidanmu

Tun shigowar hunturu, kafin goman dare inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama wutar gida, ta fara kuka, firji ya tsaya. Na ɗauka batir ne ya mutu, har na fara tambayar farashin sabo.

Da na kafa tsani na hau rufi, ashe ƙura ce ta lulluɓe farantan solar ɗin huɗu ta tare hasken ranar da ke cajin batir, har mutum ya rubuta sunansa da yatsa, ga kashin tattabaru ya bushe. Da sassafe, kafin gilashi ya ɗau zafi, na wanke su da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Na kuma sare reshen darbejiyar da ke yi wa ɗaya inuwa da la'asar, don a jere aka haɗa su, ɗaya ya raunana sai ya ja sauran.

Yanzu firjin yana kaiwa asuba. Duk Asabar nake hawa.