Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaramar Tocila Ta Duba Jirgi Kafin Tashi

A Accra, rani da damina, rana ba ta wuce shida da 'yan mintoci take faɗuwa. Ga shi jiragen da ke barin filin jirgin saman Accra zuwa Turai galibi da daddare suke tashi. Saboda haka matuƙin da zai zagaya jirgi ya duba lafiyarsa kafin fasinja su hau, sau da yawa a cikin duhu zai yi aikin. Manyan fitilun filin suna haska bayan jirgi, amma ba sa leƙa ramin tayoyi ko cikin bakin inji. A Amurka har doka ce kowane ma'aikacin jirgin fasinja ya kasance da tocila mai aiki kusa da shi. Ga ƙannenmu na Nima da Madina da suka shiga wannan sana'a, da injiniyoyin da ke aiki tare da su, ga yadda za a zaɓa.

Da farko ka lissafa abin da za ka haska. Akwai na kusa: taya ko ta yanke, ɗan ƙarfen da ke nuna yadda birki ya ci, ɗigon mai a ƙarƙashin fiffike, da ƙananan bututun auna gudu da ke gefen hancin jirgi. Akwai kuma na nesa, domin wutsiyar Airbus A320 ta kusa mita 12 daga ƙasa, ta Boeing 737-800 ma ta ɗan haura haka. Kana buƙatar haske mai cibiya da zai kai can sama, tare da yalwa a gefe don abin da ke gabanka. Lumen yawan haske yake nunawa, kandela kuwa ƙarfin cibiyar, wato nisan zangon da zai ci. A ganina lumen 300 zuwa 1,000 ya wadatar, muddin cibiyar tana da ƙarfi.

Na biyu shi ne launin hasken, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Aikinka ba ganin jiƙa kaɗai ba ne, sai ka gane mene ne ya jiƙa wurin. Man haidrolik na manyan jirage, irin su Skydrol, launin shunayya gare shi, ya sha bamban da man inji da kuma ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya iska. Haka jinin tsuntsu a kan farfelar inji, ɗan tabo ne da ido ke iya tsallakewa. Tocila mai farin haske da ya yi shuɗi-shuɗi tana kashe launi, komai ya koma toka-toka. Nemi wadda aka rubuta 4000K zuwa 5000K a jikinta, wato ma'aunin launin hasken, da CRI 90 ko sama, wato ma'aunin yadda hasken ke nuna ainihin launin abu. Za ka ƙara gode mata lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙura ke maido wa mutum haske mai kaifi a ido.

Sai ka duba ko tana da ƙaramin haske. Ido kan ɗauki kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, walƙiya ɗaya kuma ta rushe wannan. In za ka yi amfani da ita a ɗakin tuƙi, ta zama mai farawa daga ƙasa, ba mai buɗewa da cikakken ƙarfi ba. Jan haske yana kare ido, sai dai yana ɓatar da jan rubutu a takarda. Wadda kuma sai ka bi ta kan ƙyafta-ƙyafta kafin ka kashe, bar ta a shago.

Batun batir, zaɓi biyu ne. Mai batirin litiyom 18650 da ake caji ta USB-C ta fi daɗewa da ƙarfi. Mai AA kuwa duk garin da ka sauka za ka sami batirinta, amma kada ka bar na alkalin ya daɗe a ciki, yakan zubo ya cinye ƙarfen. Batirin litiyom na ajiya a jakar hannu ake ɗaukarsa, an rufe bakinsa, ba a kayan da ke ƙasan jirgi ba.

Ruwan Yuni a Accra ba ya sallama, don haka ka nemi IPX7, wadda ke jure nutso na mita 1 har minti 30. Ta zama da igiyar hannu ko maƙali, makunninta kuma a gindi, yadda babban yatsa zai same shi ba lalube. Igiyar nan ba ado ba ce: duk abin da ya faɗi a filin jirgi aka manta da shi, inji na iya zuƙe shi.

Kafin ka miƙa sidinka, ko a Circle ta Accra ne ko a Adum ta Kumasi, kada lambar da ke kan kwali ta ruɗe ka. Kunna ta a cikakken ƙarfi minti biyar. Ƙaramar tocila kan rage haske in ta yi zafi, wannan ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne ko hasken da ya saura zai kai saman bene mai hawa uku. Girgiza ta, in ta yi ƙyafta, mayar masa. Idan ka saya, ka riƙa ɗan sassauta murfin gindinta kafin ka jefa a jaka don kada ta kunna kanta, kuma ka ajiye ta biyu, ko da 'yar ƙarama ce mai AAA, a aljihun riga.