Kafin a yi wa makaranta fenti, a fara duba ƙofar aji

Masu makarantu da hedimastoci da iyaye 'yan kwamiti, don Allah ku saurare ni. Kuɗi na shigowa sai a tafi fenti da katon allo a bakin get, alhali ajin da aka cusa yara saba'in ƙofarsa ɗaya ce tal, tagogin kuma duk an walde su da ƙarfe. A Afrilun 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai yara 20 suka rasu, watan Nuwamba aka sake yi a Maradi, sannan a Fabrairun 2025 almajirai 17 suka ƙone cikin dare a Ƙauran Namoda, Allah ya jiƙansu. Abin nan ba nesa yake da mu ba.

To ku fara da ƙofa. Ta riƙa buɗewa ta waje, domin in yara suka firgita kan ƙofar suke turmutsuwa, mai buɗewa ta ciki kuwa nan take za ta danne. A kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai sakata, kuma haba, kar a sake kulle ɗakin kwana da kwaɗo ta waje wai don kar yara su fita yawo.

Bokitin yashi biyu a kowane baranda. Wutar lantarki ko ta fetur ba a watsa mata ruwa, a fara kashe wuta daga mita tukuna, don haka kowane malami ya san inda yake. Karan dawa da itacen girki a nisanta su da wurin kwana, balle lokacin hunturu da yara ke hura wutar jin ɗumi.

Sai gwaji, wanda shi ne aka fi raina wa. Sau ɗaya duk zango a kaɗa ƙararrawa ba sanarwa, yara su fita a layi ba gudu, manya su riƙo hannun 'yan nazire, a taru a fili guda, kowane malami da rajistarsa ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko za a yi hargitsi, ku duba minti nawa aka ɗauka ku sake. Lambar kiran gaggawa ta 112 da ta 'yan kwana-kwana mafi kusa a rubuta su ɓaro-ɓaro a bangon ofis, maigadi ma ya sa su a wayarsa.