Yadda ake lissafa nisa da tsawon lokacin tafiya a jirgin sama: misalin Kano zuwa Jidda

Da farko nemo lambar filayen jirgin biyu, wato haruffa ukun nan da ake bugawa a tikiti. Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne KAN, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kuwa JED. Shiga shafin Great Circle Mapper a intanet ka rubuta KAN-JED, zai ba ka nisa mafi gajarta tsakaninsu: kimanin kilomita 3,400. Ka dubi ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil na ruwa da matuƙa ke aiki da shi kuma kilomita 1.852.

Sai ka raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja, idan sun gama hawa, suna cin kilomita 800 zuwa 900 a awa. Ɗauki 850: 3,400 ya ba ka awa 4. Ƙara rabin awa na tashi da sauka da gangarawa a titin jirgi, ka sami awa huɗu da rabi.

Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma ba kullum jirgi ke bin miƙaƙƙiyar hanya ba. Hanyar Kano zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan ta bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan shekarar suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da sa'o'i. Iska ma tana da nata: tsakanin Landan da New York, mai zuwa gabas yakan riga mai zuwa yamma isa da kusan awa guda, saboda iskar sama tana tura shi ta baya.

Inda aka fi ruɗewa shi ne agogo. Duk lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2. Idan ka tashi Kano ƙarfe 10 na dare, bayan awa huɗu da rabi agogon hannunka zai nuna 2:30, amma a Jidda 4:30 na asuba ne. Wanda ya dubi tikiti kawai sai ya ce awa shida da rabi ne. A dawowa abin ya juya: tashi 10 na safe, sauka Kano 12:30, kamar awa biyu da rabi kacal. Saboda haka mayar da lokutan biyu kan agogon gida kafin ka ɗebe ɗaya daga ɗaya. Mai zuwa Umra ya fi kowa buƙatar wannan, don ya kintsa da haraminsa kafin a iso mikati.

Idan jirgin zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, lissafa kowane ɓangare daban, sannan ka haɗa da zaman jira. Sau da yawa jiran ya fi tafiyar tsawo, kuma tikitin da ya fi araha galibi shi ne mai dogon jira. Ni dai ba na karɓar wanda tazararsa ba ta kai awa biyu ba, domin jinkiri kaɗan daga Kano ya isa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka.

Daga ƙarshe, don sanin tsawon tafiyar gaba ɗaya, ƙara awa ukun da ake so matafiyi zuwa ƙasar waje ya riga jirgi isa fili. Ka kuma ƙara lokacin layin buga biza da jiran kaya a kan lokacin sauka, kafin ka faɗa wa mai tarbarka lokacin da zai zo.